Yadda Zaurenmu Ya Cika da Rake

A gidanmu ba a wasa. Wannan ba ra'ayina ba ne, abu ne da aka sani daga Talata Mafara har Bakura: gidan Malam Abdulwahabu gida ne na ilimi da natsuwa, inda jariri ma sai ya tabbatar ba a karatu kafin ya yi kuka. Kakanmu bai yi wasa ba, mahaifinmu bai yi wasa ba, jikoki kuma da kamalarsu ake haihuwarsu. Haka Baba Malam, mahaifina, yake shaida wa duk baƙon da ya zauna a zaurenmu, yana shafa gemu, baƙo yana gyaɗa kai.

Ba baƙon da ya taɓa leƙa ɗakin ajiyarmu.

A can, bayan buhunan shinkafa, akwai wani tsohon kwalin taliya, ni ce kuma mai kula da shi. Sunana Sakinatu, autar gidan. Na yi shekaru a jami'a a Sakkwato ina karanta tattalin arziki, na dawo gida da digiri ina jiran aiki, abin da nake tattalawa yanzu kuwa gwangwanayen madara ne. In aka huda biyu aka ɗaure su a ƙarƙashin silifa, an sami takalmi mai tsini. Tsohon gidan sauro gyale ne. Audugar matashin da ya fashe, in aka shafa mata ƙaro, ta zama gemun dattijo mai mutunci. Zoɓon da ya kwana jan-baki ne. Kara kuwa ba abin da ba ya zama: tabarau, alƙalami, allurar likita.

Masu kwalin su uku ne, 'ya'yan Yaya Lauwali da ke aiki a Gusau, waɗanda aka kawo gidan kaka domin su sami tarbiyya. Bube ne babba, ɗan aji uku, ba ya yarda ya zama kowa sai mai gemu. Gimbiya ke bi masa, ita kuwa tun ranar da ta ji ma'anar sunanta ta daina ɗaukar tsintsiya. Sai Nagode, 'yar mitsitsiya, haƙoran gaba duk sun zube, mai karɓar duk matsayin da aka rasa mai so. Ta taɓa zama ragon layya. Ta taɓa zama gawa. Akwai ranar da ta wuni a matsayin ƙofar asibiti, ana buɗe ta ana rufewa, ba ta yi ƙorafi ba.

Muna nan a haka sai Jibrin ya shigo rayuwata, daga nan kuma ya shiga kwalin.

Jibrin ɗan Bakura ne, yana aiki da masu gyaran magudanan Bakolori, waɗannan manyan hanyoyin siminti da ke kai ruwan dam gonakin rani. Ranar da na fara ganinsa na raka Gwaggo Dada, yayar Baba Malam, duba shinkafarta. Yana tsaye a bakin ƙofar ruwa da hular kwano ruwan ɗorawa da 'yar riga mai ƙyalli, yana faɗa da wani mutum da ya tura shanu cikin magudana. Ban ji ko kalma ɗaya daga faɗan ba. Na ga hula, na ga hannu yana nuni, na zurma cikin taɓo har idon sawu. Shi ya ciro mini takalmin. Lambar wayata kuma, wallahi jama'a, ban san ta inda ta fita daga bakina ba.

A makon nan na sace ƙwaryar da ta fi kowace kyau a madafa, don in yi wa yara irin hularsa. Ina cikin fama da ita a ɗakin ajiya Gwaggo ta kama ni. Na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta zauna a kan buhu ta miƙo hannu.

"Miƙo nan. Ba haka ake yin ta ba."

Ta fafe gaban, ta manna mata baki na kwali, ta huda gefe biyu ta zura igiyar rama. Kafin in rufe baki ga hular kwano sak.

"Gwaggo, ina kika iya?"

"Mu da munka ga Turawan da sunka gina dam da idonmu? Tun muna ƙauyenmu na ƙasar Maradun, kahin ruwa ya ci shi. Yaran gari duk sun yi irinta." Ta yi wata 'yar dariya ita kaɗai, ta ƙi ƙarawa.

Na shafa wa hular fenti, na yanka buhun taki na yi riga, na liƙa mata ledar biskit mai ƙyalli. Bube ya ce ba ya so tunda ba gemu. Gimbiya ta ce ita mace ce. Aka ɗora wa Nagode, aka zana mata gashin baki da gawayi.

To ga inda na yi wauta. Jibrin ba ya rubuta saƙo sai na murya, wai yatsunsa kullum a jiƙe suke. Ni kuma ba inda nake da sukunin saurare sai ɗakin ajiya, ina ɗinki, yara na zagaye da ni suna jiran kayansu. Sai in danna, muryarsa ta cika ɗakin:

"Albasata, ke kike sa ni hawaye, kuma ba miyar da za ta yi daɗi ba ke."

Ni kuma in kara waya a baki in mayar masa:

"Rakena, kai daga sama har ƙasa zaƙi ne, ba gaɓar da za a yar."

Kada wanda ya yi mini dariya a ƙarƙashin wannan rubutu. Kowannenku akwai abin da yake faɗa in ya rufe ƙofa, bambancinmu kawai ni na rufe tawa da yara uku a ciki. Na ɗauka ba sa ganewa. Tattalin arziki na karanta, ban karanta yara ba.

Magana ta yi nisa har Baba Malam ya yarda a zo a gan shi. Mahaifin Jibrin ya rasu, don haka komai yana hannun Baffansa, Alhaji Maiwada, mutumin da Bakura ke gyara zama in an ambaci sunansa. Ya taɓa hana Jibrin wata yarinya don ya jiwo dariyarta tun daga waje. Wata kuma don ta amsa gaisuwarsa tana kallon idonsa. In ya ce a'a, Jibrin ba zai tsallake ba, wannan na sani, shi ma ya sani.

"Ke ɗiyar ga, ki kama kanki," in ji Gwaggo, safe da yamma. "Sa'o'inki duk sun yi ɗaki. In wanga tsoho ya ƙi, sai ki auri digirinki ya riƙa kawo miki cefane."

Jibrin kuwa hankalinsa kwance. "Kada ki damu, Albasata. Baffa ba ya son rawar kai, na gaya masa gidanku ko zakara a hankali yake cara."

Aka sa ranar Asabar, bayan azahar.

Tun da sassafe gidan ya hargitse da neman natsuwa. Inna, mahaifiyata, tana kan tukunyar shinkafa da kaji. An share tsakar gida har ƙasa ta yi ƙorafi. Ni na sha lalle hannu da ƙafa, na saka atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, na ɗaura ɗankwali na kwance na sake ɗaurawa, na fesa turare, duk da na san ba mai ganina, domin al'ada ba ta ba ni damar ko tari mai ƙarfi ba. Babbar rigar Baba Malam fara da rawaninsa na fita kunya an wanke, an sa sitaci, an goge, an rataye su a ƙusar zaure. Shi kuma aka zo aka ɗauke shi ɗaurin aure a Garbadu, ya tafi da rigar yau da kullum, ya ce zai dawo ya sauya kafin baƙi su iso.

Inna ta ce za a buɗe ɗakin ajiya a ɗebi shinkafa, sai na tuna da kwali. Na jawo Bube gefe.

"Ku ɗauke kwalin nan ku kai inda ba kowa. Ka ji ko? Inda ba kowa."

"To, Anti."

Gwaggo kuma ta bi su da tsintsiya. "Ku hita mini daga tsakar gida, kada in ƙara ganin sawunku!"

Yara masu biyayya ne, wannan kam Baba Malam bai yi ƙarya ba. Suka duba gidan kaf, suka ga wuri ɗaya ne ba kowa a cikinsa, kuma ba tsakar gida ba ne. Zaure.

Rana ba ta kai tsaka ba wayata ta yi ƙara.

"Albasata, yanzu nake jin Baffa ya taso tuni, Ɗanlami mai babur ya ɗauko shi. Halinsa ne, wai gida tun bai shirya ba ake ganinsa. Ki gaya wa Malam."

Ban gama saurare ba na ji babur ya tsaya a ƙofar gida.

Sai na bayyana muku dokoki biyu na gidanmu, don ku san irin ramin da na faɗa. Ta farko ta Baba Malam ce: ba a barin baƙo a tsaye. Duk namijin da baƙo ya taras a zaure, komai ƙanƙantarsa, shi ne maigida har Malam ya dawo. Shimfiɗa, ruwa, gaisuwa cikakkiya. Ta biyu ta kowa ce: yarinyar da aka zo nema ba ta fita gaban magabatan saurayi, uwarta ma haka. Ko gobara ce ta tashi a zauren, sai dai mu yi addu'a daga ciki.

Na ruga da sanɗa, in ana iya haɗa su biyun, na laɓe a bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida, na sa ido ɗaya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Maraba, maraba. Bismillah, ga tabarma."

Muryar daga can ƙasan ciki aka tono ta. Bube ne zaune a kan buzun Baba Malam, cikin babbar rigar da aka goge da safe, ta malale kewaye da shi kamar an zubar da nono. Rawanin fita kunya yana kansa, naɗi a kan naɗi, har ya fi shi girma. Ga gemun auduga, ga tabaran kara a kan hanci.

Alhaji Maiwada dogo ne, busasshe, fuskarsa kamar ba a taɓa ba ta labarin dariya ba. Ya tsaya yana kallon abin da ke kan buzu. Ɗanlami na bayansa riƙe da ƙullin goro. Na ce a raina, shi ke nan, zai juya. Sai tsohon ya cire takalmi, ya tattara riga, ya zauna.

"Malam, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau, Alhaji. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina iyali?"

"Suna lahiya."

"Ina mutanen Bakura?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla. Ina ruwa? Ina dabbobi? Ina ƙarfin jiki?"

Bai tsallake ko ɗaya ba. Har tsit ɗin da Baba Malam ke yi a tsakiya kafin ya sake ɗaukowa daga farko, ya yi shi. Ya tura wa baƙo kofin ruwa da hannu biyu. Sannan ya jingina da bango, ya shafa gemu, rabin gemun ya biyo hannunsa. Ya dube shi, ya mayar da shi wurinsa ba gaggawa.

"Ai mu gidanga, Alhaji, ba a wasa. Kakanmu bai yi wasa ba. Mahaihinmu bai yi wasa ba."

"Haka muka ji," in ji Alhaji Maiwada.

Ɗanlami ya cire hularsa ya cusa a baki.

Na koma madafa a guje. "Inna! Inna, ki yi wani abu!"

"Ni? In hita gaban surukai da ludayi a hannu? Kin haukace?"

Mutum ɗaya ce a gidan shekarunta suka ba ta izinin shiga zaure ko wa ke ciki. Na same ta ta jawo turmi ta kifa a gefen labule, ta zauna, hawaye na bin kumatunta, kafaɗunta na rawa.

"Gwaggo, don Allah, don Annabi!"

"Gwiwata ba ta ɗaukata," ta ce da ƙyar. "Bari in ga ƙarshe."

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Gimbiya ce ta fito daga lungun da ake jingine alluna, a kan gwangwanayen madara, ta yafa gidan sauro, baki ja wur da zoɓo, tana taku tana karairaya. Wannan takun na san shi. A gaban madubi na ƙirƙiro shi. Bayanta ga Nagode da hular ƙwarya, rigar buhun taki, gashin bakin gawayi, ƙafafu cikin safar Baba Malam har cinya.

"Su wa ke nan, Malam?" in ji Alhaji.

Na ƙanƙame labule.

"Masoya ne," in ji Bube, yana girgiza rawani. "Allah ya shirye su. Ku yi zancenku da ladabi, muna da baƙo."

Nagode ta tsaya a wannan bango, Gimbiya a wancan. Kowace ta ciro guntun silifa ta kara a baki. Waya ke nan.

"Albasata," in ji Nagode, iska na fita ta gurbin haƙora, "ke kike sa ni hawaye, kuma ba miyar da za ta yi daɗi ba ke."

Gimbiya ta manna silifa a ƙirji, ta lumshe ido, ta yi juyi, ta zube a kan tabarma tana harba gwangwanaye sama. Jama'a, ni ban san ina yin haka ba. Ta tashi zaune, ta gyara murya, ta shagwaɓe fuska.

"Rakena, kai daga sama har ƙasa zaƙi ne, ba gaɓar da za a yar. Jiya ban ci tuwo ba don tunaninka. In an hana ni kai, magudana zan faɗa, ruwa ya kawo ni ƙofarka."

Tuwon nan na ci shi, har da ƙari. Amma na faɗa, kuma ga shi an isar.

Ɗanlami ya kifa goshi a bango. Gwaggo ta zamo daga kan turmi. Ni kuwa fuskar Alhaji Maiwada nake kallo, na ga ɗan hasken da ya fara shigarta lokacin gaisuwa ya ɗauke. Ya miƙa hannu ya jawo ƙullin goron kusa da gwiwarsa.

Daidai nan Baba Malam ya yi sallama.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga rigarsa. Ya ga rawaninsa, da ƙaro da auduga a jiki, da shatin jan baki inda Gimbiya ta goge leɓe. Ya ga safarsa. Ya zauna a gefen buzu, tunda akwai mutum a kai, suka ɗauko gaisuwa tun daga gajiya har ƙarfin jiki, shi da Alhaji, Bube na tsakaninsu ya sandare kamar an dasa shi.

Da suka gama, Alhaji Maiwada ya yi gyaran murya.

"Malam, an ce mini gidanga ba a wasa. Na iske wasa. Wannan ba komai, yara ne, kuma jikanka ya karɓe ni karɓar da manya da yawa ba su iya ba. Amma yaro bai ƙago irin wagga magana. Akwai bakin da ya ji ta. In ɗiyar da munka zo nema ce ke da wanga baki tun ba a kawo komai ba, gara in sani yanzu, in koma da gorona, ba wanda ya ji kunya."

Na tuna taɓo, na tuna hula, na tuna digirin da zai riƙa kawo mini cefane.

Baba Malam ya sunkuyar da kai. Sai na ga inda idonsa ya sauka. Labulen namu bai kai ƙasa ba, ga yatsun ƙafata goma a waje, jajaye da lalle. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙa hannu ya cire hular ƙwarya daga kan Nagode, ya juya ta, ya duba yadda aka fafe gaban, ya ja igiyar ramar.

"Ni suke kwaikwaya, Alhaji," ya ce. "Ni da mai ɗakina."

"Kai?"

"Ni."

"Hular hwa?"

"Ni na fara sa irinta. Sanda anka gina dam ina yaro, ni ne babban Baturen unguwarmu. Toka nike shafawa ga huska, in hau suri, in riƙa ba da umurni da yaren da ni ma ban ji."

"Gaskiya ne!" Gwaggo ta ƙwala daga ƙasa inda take zaune. "Har jakin babanmu ya sa ma suna Katafila!"

Baba Malam ya rufe ido ya buɗe.

"To," in ji Alhaji Maiwada a hankali. "Raken hwa?"

Mutumin da ya karantar da rabin limaman ƙasar nan, mutumin da ɗalibai ke cire takalmi tun daga bakin titi in za su gaishe shi, ya ɗora hular ƙwarya a kan gwiwarsa, ya dubi baƙonsa ido cikin ido.

"Ni ne Raken."

Ɗanlami ya fice a guje, muka ji shi a waje yana wani irin kuka kamar an taka akuya. A bayana ludayi ya faɗi ƙasa.

"Wato ni ce albasar ke nan?" in ji Inna.

Alhaji Maiwada ba yaro ba ne. Ya dubi Baba Malam, ya dubi rigar buhun taki mai ƙyalli irin ta ɗan ƙanensa, sannan shi ma ya sauke ido ƙarƙashin labule. Na janye yatsuna, amma ina amfani. Gefen bakinsa ya motsa kaɗan, kamar tsohuwar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya tura ƙullin goro gaban Baba Malam.

"Jibrin ya yi sa'ar suruki. Ku sa muna rana, mu zo da sauran magabata." Ya juya wurin Bube. "Malam ƙarami, a yi muna addu'a."

Bube ya ɗaga hannayen rigar da suka fi shi tsawo, ya yi addu'a, aka shafa. Sauran gemun ya tafi da shafawar.

Ban san yadda na isa ɗaki ba. Na san dai na sami kaina a kan katifa ina harba ƙafafu sama, na tuna inda na ga an yi haka ɗazu, na sauke su.

Da baƙi suka tafi na zauna jiran wuta. Ba ta zo ba. Baba Malam ya shigo, ya ninke rigarsa da kansa, ya yi alwala. Na lura dai bayan sallar nan istigfarinsa ya yi tsawo fiye da na kullum. Da yamma saƙo ya shigo, wannan karon a kunne na kara shi, cikin bargo.

"Albasata, Baffa ya yarda! Amma me ya faru a gidanku? Tun da ya dawo yake zaune shi kaɗai yana murmushi, matansa sun tsorata. Ɗanlami kuma yana tashar babura, mutane sun kewaye shi, har an saya masa shayi."

Ranar Talata kasuwarmu ke ci, kuma ba shinkafa da tumatir kaɗai ake saukewa a cikinta ba. Da la'asar wani tsohon ɗalibin Baba Malam ya yi sallama, ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, sannan ya jingine damin rake a bango.

"Malam, ga ɗan abin taɓawa."

Fuskarsa ba alamar komai. Baba Malam ya yi godiya, ya sa masa albarka. Bayansa wani ya zo daga Damri. Washegari wani daga Faru, a kan babur, da dami biyu. Ba wanda ya ce komai, ba wanda ya yi ko murmushi, mutanenmu sun fi ƙarfin haka. Gaisuwa kawai, da rake. Matan unguwa kuma suka fara aiko wa Inna albasa a kwano, wai sun ga ta yi kyau a kasuwa.

Inna ba ta mayar da ko ɗaya ba. Ta fara sa kwalli da rana tsaka. Jiya tana miƙa masa abinci na ji ta ce, "Shekara da shekaru ina gidanga, sai a bakin gari zan ji sunana? Ina jira in ji daga mai shi." Baba Malam ya ce miyar ta yi daɗi. Ta ce ai dole, ba ita ba daɗi.

Har yanzu in baƙo ya zauna, hannunsa yakan tafi gemu, bakinsa ya buɗe, sai ya dubi bangon da rake ya rufe, ya tambayi baƙon ina dabbobi.

Yau da hantsi na ga ba zan iya ci gaba da ɓuya ba. Na sa hijabi na nufi zaure, na shirya jawabin ban haƙuri mai sassa uku. Na same shi a kan buzu da wuƙa a hannu, yana feƙe rake yana yankawa gaɓa-gaɓa. Shi haƙoransa ba sa iya rake, an daɗe da cire masa na gefe. Yaran ke zaune a gabansa suna karɓa, Bube da sabon gemu, Gimbiya a kan gwangwanaye, Nagode an naɗe ta da tabarma, ban san ko mece ce yau ba. Kwalin taliya na gefe a buɗe, a fili.

Na durƙusa. Jawabin ya gudu.

"Sakinatu."

"Na'am, Baba."

Bai ɗago ba. "Ba a manna gemu da ƙaro, shi ya ɓata mini rawani. Da kunu ake yi, yana wankuwa."

"To, Baba."

"Kuma ki gaya ma yaron nan ya koyi rubuta saƙo."

"To, Baba."

Ya miƙo mini gaɓa ɗaya. Ina karɓa muka ji sallama a ƙofar gida, da ƙarar wani abu mai nauyi ana jan sa a ƙasa, ganye na shara. Baba Malam ya ajiye wuƙa, ya karkaɗe ɓawon rake daga cinyarsa, ya juya rawanin yadda shatin zoɓon zai koma baya, ya miƙe.

"Maraba, maraba," ya ce. "Bismillah, ga tabarma."